Gemun Mai Fito

Ku da kuke zaune a bakin tasha da kwamfuta ɗaya kuna tura wa mutane fim a waya, na ji kuna cewa sana'ata kuka gada. Ba zan yi musu da ku ba, amma mai sauƙin kuka gada. Yanzu mutum zai zo ya faɗi suna, ku latsa, ya fito. A lokacinmu mai saye ba ya zuwa da suna. Tsayawa zai yi a bakin shago ya ce, "Sale, na Indiyan nan nake so, wanda aka manta jariri a jirgin ƙasa, akwai wani mugu mai kare." Bayanin ke nan. In ka ce ba ka gane ba ya wuce shagon gaba, kuma kafin magariba majalisarsu ta ji cewa Sale ya fara tsufa.

A silima na koyi aikin, wata da ke nan Azare wadda ta daɗe da mutuwa, yanzu buhunan taki ake tarawa a ciki. Maigidana Malam Inuwa ne, mai majigi, Allah ya ji ƙansa. Kayan aikinsa reza ce, da 'yar kwalbar man liƙi, da kunnensa. Yana sama a ɗakin majigi amma kunnen yana ƙasa wajen 'yan kallo. Da ya ji an fara tsaki ana buga benci, ya san wurin nan gobe sai reza. Yana da wani gwangwani da yake tara waƙoƙi da faɗace-faɗacen da ya yanko daga wasu finafinan, in fim ya yi sanyi ya liƙa masa ɗaya a tsakiya. Na taɓa ce masa wannan ai ɓarna ce. Ya ce, "Mutumin da ya wuni yana dako a kasuwa bai shigo nan don ya ga wani yana leƙen taga ba. In taga kake so, akwai a ɗakinku."

Da wani tsohon mai shirya fim na Indiya yake wannan habaicin. Mai Taga muke kiransa, don ba za ka gama fim ɗinsa ba ka ga mutum tsaye a taga yana jiran wani ba. Finafinansa baƙi da fari ne, babu duka, waƙa kaɗan, kuma ba ya sauri. Ba mu iya karanta rubutunsu ba, wannan mai kama da shanya a kan igiya, amma Malam Inuwa ya nuna min siffar sunan mutumin a farkon fim har na haddace ta da ido. Manufarsa in na gan ta in yi maza in ɗauko sabuwar reza. Ni kuwa garin nannaɗe guntayen da ake yankewa, ina ɗaga su a hasken ƙofa ina dubawa, sai na kamu da son aikin mutumin. Da silima ta mutu na buɗe shagon kaset a bayan kasuwa, na kafa wa kaina doka ɗaya: yadda mai fim ya yi fim ɗinsa, haka zai fita daga hannuna. Na yi taƙama da dokar nan har na ishi mutane da ita.

Shekarar da faifan CD ya cika gari, a farkon shekarun dubu biyu, ita ce wadda ba na son tunawa. Faifai ya fi araha, ba ya tsinkewa, ba a tariyo shi. Masu haya suka ɗauke ƙafa. Damina kuma ta zo da ruwa mai yawa, rufin shagon ya yi yoyo ta bayan kanta ban lura ba, funfuna ta shiga kaset ta yi musu fari fat. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne dilolin Kano sun fara zubar da kaset, abin da ke tafiya a kasuwa kawai suke mayarwa kan faifai. Na Mai Taga ba sa tafiya. Na gane duk wanda ya lalace a hannuna ba lallai in sake ganinsa ba.

Ana cikin wannan hali wata mata ta yi sallama a shagon wata ranar kasuwa. Malama Falmata ce, malamar firamare, 'yar Alhaji Modu na garin Katagum. Na san uban. Tsohon direban babbar mota ne, asalinsu mutanen Borno, kuma a zamaninsa ba ya fashin silima in dai motarsa ta kwana a Azare.

Ta ce, "Malam Sale, Baba ne ya aiko ni. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bayan babbar salla, magana ma da ƙyar take fita. Amma kullum sai ya ce a nemo masa fim ɗin mai fito, wanda ɗansa ya dawo. Na zaga shaguna, kowa sabon faifai yake miƙo min."

Na san fim ɗin, na Mai Taga ne. A kan benci na kalle shi, tun kafin in fara aiki da Malam Inuwa. Wani mai kwalekwale ne da ɗansa ɗaya. Yaron ya ce zai tafi birni neman aiki, uban da kansa ya ƙetarar da shi kogi. Daga nan sai jira. Uban yana fito yana duba duk wanda ya sauko gaɓa, har ya tsufa. A ƙarshe, ranar wani bikinsu na kunna fitilu, sai ga yaron da lema a hannu da mayafi da ya sayo wa uban, suka rungume juna a bakin ruwa. Na tuna yadda silima ta ɗauki tafi a ranar.

Na ce, "Malama, a cikin duk finafinan duniya me ya sa sai wannan?"

Ta gyara mayafinta ta ce, "Ƙanena Kyari ya tafi Libiya ta Agadas, shekaru ke nan. Da farko yana aiko saƙo, daga baya shiru. Likita ya ce jinin Baba ba ya son tashin hankali ko kaɗan. Ni dai gani nake in ya kalli abin nan zuciyarsa za ta ɗan yi sanyi."

Na ce mata in sha Allahu za a samu. Na faɗa ne kawai, don ban taɓa riƙe kaset ɗin fim ɗin nan a hannuna ba, ban ma san wanda ya taɓa ba.

Kano na fara zuwa. Dilan da nake saro kaya a wajensa tun yana da tebur ɗaya ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Baƙi da fari? Sale, ko kyauta na ba da shi sai an dawo min da shi." Ya tura ni wani sito inda aka jibge tsofaffin kaset a buhuna ana jiran masu gwangwan. Na wuni ina tonawa, na fito da tari da baƙin hannu, babu. Na je Potiskum, na je Misau, na bi wani a Dambam da aka ce ubansa ya taɓa yin gidan kallo, ashe yaransa sun daɗe da zare zaren kaset ɗin suna ɗaure shi a gonar gero don korar tsuntsaye. Duk ranar kasuwa kuma direban motar Katagum zai leƙo ya ce, "Malama ta ce a gaishe ka, ta ce jikin yana nan yadda yake." Ban san ranar da saƙon zai canza ba.

Wani tsohon malamin sakandare da ke zama a bencin shagona ne ya buɗe min hanya. Ya ce in daina bin 'yan kasuwa, in bi Indiyawan da suka koyar a makarantun nan a da. Akwai wani mai koyar da lissafi da ya tafi hutu ƙasarsu bai dawo ba, ya bar akwatinsa a wajen kukunsa, Malam Jibo, mutumin Hardawa.

Na samu Malam Jibo a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa, tsoho tukuf. Sai da muka gaisa muka sake gaisawa, na faɗi sunan wanda ya turo ni, sannan ya yarda aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafai ne a sama, kaset a ƙasa, kowanne da rubutun hannu irin nasu, babu hoto ko ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman siffar nan da Malam Inuwa ya koya min. Na same ta a kan guda uku.

Malam Jibo ya ce, "Ɗaya za ka ɗauka, kuma aro. Kayan amana ne. Malam ya ce zai dawo."

Na dube shi na ga da gaske yake, don haka ban ja ba. To amma wanne? Babu wuta a gidan, babu bidiyo a unguwar. Na ce, "Baba, a cikin ukun nan wanne ne mai kwalekwale?"

Ya ce, "Ni ina kicin, ina na ga kwalekwale? Amma wannan mai tsagaggen murfin, akwai ƙarar ruwa a ciki daga farko har ƙarshe. Kuma duk ranar da Malam ya sa shi, tuwon shinkafar da na yi sai dai in tafi da shi gida. Ba ya iya cin komai."

Na ɗauki mai tsagaggen murfin. A mota ina ta juya maganar. Fim ɗin da aka tashi da tafi, me zai hana mutum cin abinci?

Yanzu ku saurari aikin, ku da kuke cewa latsawa ce kawai. Kaset ɗin da funfuna ta kama ba a jefa shi a bidiyo. In ka jefa, kan bidiyon zai toshe, zaren ya manne, inji ya tauna shi, shi ke nan ka kashe fim kuma ka ci amana. Kwance shi ake yi a fito da ƙafafun biyu da zaren ke naɗe a kansu. Ka sa biro a ramin ɗaya kana juyawa a hankali, zaren yana bi ta tsakanin yatsunka a cikin auduga mai ɗan sifirit, ba jiƙewa ba, danshi kawai. Auduga ta yi baƙi ka canza. Inda ya manne ba a ja, hura masa iska ake yi da baki ana lallaɓa shi. A inuwa ake yi, rana tana lanƙwasa shi. Na rufe shago na yi ta yi har wuyana ya ƙage. Da na zo kunnawa kuma ban yarda da wutar gari ba, don in aka ɗauke zare yana cikin inji an gama. Janareton maƙwabcina mai aski na aro, na cika shi da mai, na haɗa bidiyo biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana ɗauka a sabon kaset. Irin wannan tsohon zaren sau ɗaya za ka roƙe shi ya bi ta inji, ba ka da tabbacin na biyu.

Hoto ya fito, da ɗan yayyafi a sama amma ana gani. Ga kogi, ga kwalekwale, ga siffar sunan Mai Taga. Na yi hamdala. Yaro ya tafi birni, uba ya fara jira, komai yadda na sani. Sai a tsakiyar fim, tun ba a je ko'ina ba, na ga an kunna fitilun biki. Ga yaron nan ya sauko gaɓa da lema da mayafi, sun rungume juna. Na duba zaren ta gilashin kaset, rabi bai ma ƙare ba.

Kwana biyu yaron ya yi a gida ya sake tafiya, kuma bai ƙara dawowa ba. Uban ya yi ta jira, gemunsa ya yi fari, idonsa ya raunana, har ya daina iya tuƙi, sai dai a zaunar da shi a gaɓa. A ƙarshe aka nuna wurin zamansa babu kowa, kwalekwalen a ɗaure ruwa yana kaɗa shi. Haka Mai Taga ya ƙare fim ɗinsa. Malam Inuwa ne ya ciro dawowar daga tsakiya ya liƙa ta a ƙarshe, ya jefa mutuwar a gwangwani. Duk Azare da Katagum, duk wanda ya kalli fim ɗin nan a kan benci, na Malam Inuwa ya kalla.

Na aika aka kira Malama Falmata, na sa mata ƙarshen. Ta kalla a tsaye. Da ya ƙare ta ce, "Wannan ba zai shiga ɗakin Baba ba. Kashe shi zai yi."

Na ce, "In an ce masa ba a samu ba fa?"

"Jiya ma sai da ya tambaya. Ya ce Sale ba ya faɗin abin da ba zai yi ba." Ta dube ni. "Wanda suka gani a silima, wa ya yi shi?"

"Maigidana."

"To kai ba ka iya ba ne?"

Na iya mana. Abin ya yi min ciwo, don shekara da shekaru ina zagin rezar Malam Inuwa a gaban duk wanda zai saurara. Amma na ajiye dokata na zauna na yi. Daga sabon kwafin na sake ɗauka a wani kaset, na tsallake bikin fitilu, na bar tsufan uban har inda aka zaunar da shi a gaɓa yana kallon ƙetare, na tsayar, na koma na ɗauko dawowar na ɗora. Haɗin ya zauna lafiya, ƙarar ruwa ta rufe inda aka haɗa. Sai da na sake kallo daga farko na ga abin da ya hana ni sukuni. Tsohon da ke zaune a gaɓa gemunsa fari tas. Da ya miƙe ya rungumi ɗansa, gemun baƙi ƙirin. A bangon silima, da tsohon fim mai zane-zane da hayaƙin taba, wa zai lura? Amma a talabijin, a ɗaki, mutum yana kwance kusa da gilashi, ko yaro zai gani. In Alhaji ya gani zai tambaya, in ya tambaya ban san abin da zan ce ba.

Na mayar wa Malam Jibo kaset ɗinsa kafin komai. Ya sa na ajiye shi daidai inda na ɗauke shi, a ƙasan littattafai, ya ce kada Malam ya zo ya ga an taɓa masa kaya.

Ranar da za a kai, na ɗora bidiyo da talabijin ɗina a motar Katagum, na riƙe su a cinya har muka isa. Bayan azahar ne. Alhaji Modu yana kwance a kan katifa an tokare shi da matasai, rabin fuskarsa ya saki, amma idonsa tar. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Sale. Ka samo."

Na ce, "An samo, Baba Alhaji."

Dabarar da na zo da ita ita ce in rage hasken talabijin, in kuma ja ta can jikin bango. Na yi hakan. Aka tayar da janareto a tsakar gida, Malama ta zauna a bakin ƙofa da maganinsa a hannu. Ni ban kalli fim ɗin ba, shi nake kallo. Yaron ya tafi, Alhaji bai motsa ba. Muka wuce wurin da na tsallake, ban ga ya lura ba, na ɗan saki numfashi. Uban ya fara tsufa. Na san saura kaɗan.

Sai Alhaji ya ce, "Ƙara haske."

Na yi kamar janareto ya hana ni ji. Ya sake cewa, "Sale. Haske. Matso da ita."

Na dubi Malama, ta sunkuyar da kai. Na tashi na ƙara hasken, na jawo talabijin har gaban katifa. Tsoho mai farin gemu yana zaune a gaɓa. Fitilu suka kama. Yaro ya sauko da lemarsa. Uba ya miƙe, gemu baƙi, a gaban idon Alhaji, babu abin da ya ɓoyu. Suka rungume juna, hoto ya ɗauke, gilashi ya koma yayyafi.

Malama ta matso da gwiwa tana duba fuskarsa. Hawaye ne ke bin ɓarin da ya shanye, amma numfashinsa daidai yake. Ya ɗaga hannu ya shafa nasa gemun.

Ya ce, "Ya koma baƙi. Haka ya yi a silima ma."

Na ce, "Baba Alhaji, ka gani tun a lokacin?"

"Direba ne ni. Ido nake ci da shi." Ya huta, ya haɗiyi yawu. "Na san Inuwa ne. Duk 'yan bencinmu mun sani. Ba wanda ya tona."

Malama ta gyara masa matashi.

Ya juyo da idonsa kaina ya ce, "Kai ka ga na gaskiyar?"

Na ce, "Na gani."

"Ya dawo?"

Kafin in ce komai ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya tsayar da ni.

Ya ce, "Bar shi a wajenka. Tariyo min daga inda aka kunna fitilu."

Na tariyo masa. Da ya ƙare ya ce a sake, na sake. Da zan tafi na naɗe wayoyina na ɗauki jakata, na bar bidiyon da talabijin a ɗakin, bayan na nuna wa Malama maɓallin da ake dannawa da kuma inda za ta tsayar.